Horon Dabarun Bincike a Laburaren Jami'a: Inda Ya Yi Amfani da Inda Ya Gaza

Laburaren jami'ar da nake koyarwa yana gudanar da wani shiri na horar da ɗalibai dabarun bincike da tantance bayanai, kuma wannan shirin nake son in auna a nan, a matsayina na malamin da ke duba kundayen kammala digiri, wanda ya nemi a yi wa ɗalibansa horon, ya kuma zauna tare da su a aji har aka tashi. Shirin ya kasu gida uku. Akwai zagayen gabatarwa da ake yi wa sababbin ɗalibai a makonnin farko, akwai zaman aji na kimanin awa biyu da malamin kwas ke nema a madadin ɗalibansa, sannan akwai ganawar ɗalibi shi kaɗai da ma'aikacin laburare a kan aikin da ke hannunsa. Ra'ayina shi ne, hidima ce da ta cancanci lokacin ɗalibi da na malaminsa, amma amfaninta ya rataya ne a kan sharaɗi guda, wato ɗalibi ya zo da aikin gaske da ya tsaya masa a rai. Duk inda aka cika wannan sharaɗi na ga sauyi a rubutun ɗalibai, duk inda aka rasa shi kuwa na ga an ɓata lokacin kowa.

Yana da kyau mai karatu ya san inda irin wannan horo ya samo tsarinsa, domin hakan ne zai bayyana dalilin da ya sa ma'aikatan ba su tsaya ga nuna maɓallin da za a danna ba. A shekarar 1974 ne wani Ba'amurke mai suna Paul Zurkowski ya gabatar da ra'ayin cewa iya nemo bayani da aiki da shi ƙwarewa ce mai zaman kanta da ya kamata a koya wa jama'a. A shekarar 2000 ƙungiyar ɗakunan karatu na kwalejoji da cibiyoyin bincike ta Amurka, wadda aka sani da ACRL, ta fitar da ma'aunai biyar na abin da ya kamata ɗalibin jami'a ya iya, sannan a 2016 ta maye gurbinsu da wani tsari mai ginshiƙai shida. Ma'aikatan laburarenmu sun ce a kan wannan sabon tsari suka gina darussansu, kuma na ga alamar ginshiƙai biyu ƙarara a aikinsu: cewa bincike tambaya ce da ke haifar da wata tambaya, da cewa ilimi tattaunawa ce da masana ke yi da juna tsawon shekaru, wadda ɗalibi ke shiga tsakiyarta.

Zagayen gabatarwa shi ne mafi rauni a cikin ukun, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Ana tara ɗalibai masu yawa a zaga da su sashe-sashe, a nuna musu katalog na kwamfuta da yadda lambar da ke gadon bayan littafi ke kai mutum ga kantar da yake, a karanta musu dokokin aro, a sallame su. Bayanin daidai ne, ma'aikatan kuma suna yin sa da fara'a, sai dai ɗalibin da bai cika wata guda a jami'a ba, wanda ko jinga ɗaya ba a ba shi ba tukuna, ba shi da inda zai ajiye abin da ya ji. Kafin shekara ta zagayo, abin da ya rage masa bai wuce sanin ƙofar shiga da lokacin rufewa ba.

Zaman aji kuwa wani abu ne daban. Ma'aikaciyar da ta jagoranci zaman ɗalibaina ba ta taɓa kwamfuta ba sai da ta sa kowa ya rubuta taken bincikensa a takarda. Wani ya karanto nasa, wai illar kafofin sada zumunta ga matasa. Sai ta shiga yi masa tambayoyi cikin natsuwa: waɗanne matasa, wace kafa, illa ga lafiyarsu ko ga karatunsu ko ga tarbiyyarsu, kuma da me zai auna illar? Ɗalibin ya ce, "Malama, ai duka nake nufi." Ta amsa masa da cewa wanda ya nufi duka zai samu dubban maƙaloli amma ba zai iya karanta ko ashirin da manufa ba. Kafin su gama, taken ya koma dangantakar amfani da wayar hannu da daddare da ingancin barcin ɗaliban shekarar farko a jami'a. Wannan aiki na taƙaita farfajiyar bincike shi ne abin da mu masu duba kundaye muke kwashe makonni muna fama da shi, kuma na yaba ƙwarai da yadda ta sa sauran ɗaliban suka riƙa yi wa junansu irin waɗannan tambayoyi, har wanda ba a kira ba ya gyara nasa taken da kansa.

Daga nan ta koya musu warware take zuwa ginshiƙan ma'anarsa, kowane ginshiƙi da jerin kalmominsa masu kama da juna. Ta jaddada wani abu da ɗalibai da yawa ba su taɓa lura da shi ba, cewa rumbun bayanai ba ya fahimtar tambaya yadda mutum ke fahimta, kalmomi kawai yake daidaitawa, saboda haka wanda ya zuba masa jimla sukutum yakan samu ko dai tarkace ko kuma babu. Tun da akasarin mujallun ilimi da Ingilishi ake buga su, ta sa kowa ya nemo kalmar da masanan fanninsa suke amfani da ita a zahiri, ta hanyar duba tsakuren maƙala ɗaya mai kyau da kalmomin fannu da ke ƙarƙashinsa. Sannan ta kawo kalmomin haɗi guda uku, AND da OR da NOT, waɗanda suka samo asali daga aikin masanin lissafin nan na Ingila, George Boole, wanda ya rasu a 1864. Ta farko tana taƙaita sakamako domin dole a samu kalmomin biyu a tare, ta biyu tana faɗaɗa shi domin ko wacce aka samu ta wadatar, ta uku kuma tana fitar da abin da ba a so. Ta ƙara da sanya kalmomi tsakanin alamun zance domin a nemo su a jere yadda suke, da sanya alamar tauraro a ƙarshen saiwar kalma domin a kamo dukkan rassanta. Abin da ya sa darasin ya zauna shi ne kowane ɗalibi ya gwada a kan takensa nan take, ya ga da idonsa yadda sakamako ya sauko daga dubbai zuwa abin da mutum zai iya karantawa.

Bayaninta a kan rumbunan bayanai ya burge ni domin ba ta yi wa ko ɗaya talla ba, kowanne ta faɗi ƙarfinsa da iyakarsa. Ta ce Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, wuri ne mai kyau na farawa, amma yana haɗa maƙalar da masana suka tantance da wadda ba wanda ya duba, kuma ba ya bayyana cikakken jerin abin da ya tattaro. Babban amfaninsa, a cewarta, shi ne mahaɗin da ke nuna waɗanda suka kafa hujja da wata maƙala bayan fitowarta, ta yadda ɗalibi zai bi manazartar maƙala ya koma baya, ya kuma bi masu ambatonta ya yi gaba, dabarar da Eugene Garfield ya assasa da kundin ambato na kimiyya tun 1964. Ta nuna musu JSTOR, wanda aka kafa a 1995, tare da gargaɗin cewa mujallu da yawa a cikinsa sababbin fitowarsu ba sa bayyana sai bayan wasu shekaru, don haka ya fi dacewa da mai neman tushen muhawara fiye da mai neman binciken bara. Ga masu nazarin lafiya ta buɗe PubMed, ta nuna musu tsararrun kalmomin fannu na MeSH. Ta kuma ba da lokaci ga hanyoyin da ba sa buƙatar biyan kuɗi daga aljihun ɗalibi: DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta, da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, da AJOL da ke tattara mujallun Afirka tun 1998, da shirin Research4Life mai buɗe mujallun kuɗi kyauta ko da rahusa, wanda sashensa na lafiya, Hinari, ya soma aiki a 2002 a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Da yawa daga cikin ɗalibaina na shekarar ƙarshe ranar suka fara jin cewa suna da damar shiga waɗannan wurare, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa an makara wajen kawo su.

Inda nake da babban saɓani da shirin shi ne sashen tantance ingancin madogara. An raba wa ɗalibai takarda mai ɗauke da gwajin CRAAP, wanda Sarah Blakeslee ta tsara a 2004 a Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Chico. Gwajin yana sa mai karatu ya duba abubuwa biyar: sabuntar bayani, dacewarsa da buƙata, matsayin marubuci, daidaiton abin da aka faɗa, da manufar rubutun. Tambayoyin duk masu ma'ana ne, kuma a kan littafi ko mujallar da ke kanta suna aiki. Matsalar ita ce, a shafin intanet ɗalibi yakan nemi amsar duka biyar a cikin shafin kansa, alhali shafin da aka gina domin yaudara shi ya fi kowa tanadar waɗannan amsoshi. Zai sa kwanan wata na kusa, ya jera sunaye da digirori, ya zuba manazarta a ƙasa, ya rubuta kyakkyawar manufa a sashen gabatar da kai. Na ga ɗalibi ya ba wani shafi cikakken maki domin adireshinsa ya ƙare da .org, bai san cewa kowa na iya yin rajistar irin wannan adireshi ba.

Wannan ba hasashena ba ne. A 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun fitar da sakamakon wani nazari da suka yi a kan mutum 45: masana tarihi 10 masu digiri na uku, ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗaliban jami'ar 25. Sun ba su shafuka su auna, suka kuma lura da yadda kowa ke aiki. Masana tarihin da ɗaliban sukan tsaya a cikin shafin suna karanta shi daga sama zuwa ƙasa, kyan tsari da tambari da suna mai kwarjini suna rinjayarsu. Masu tantance labaran kuwa ba sa daɗewa, sai su bar shafin su buɗe wasu, su nemi abin da wasu majiyoyi suka faɗa game da masu shafin, kuma su ne suka fi saurin kai wa ga hukunci daidai. Daga irin wannan fahimta ce Mike Caulfield ya tsara hanyar SIFT a 2019, mai matakai huɗu: ka dakata, ka binciki majiyar, ka nemi inda aka fi kawo batun da inganci, ka bi da'awa ko hoto ko zance har zuwa asalinsa. An ambaci wannan hanya a zaman, amma a cikin 'yan mintunan ƙarshe, ba tare da gwaji ba. A ganina kamata ya yi a juya tsarin, a ba fita daga shafi mafi yawan lokaci, takardar tambayoyi biyar ta biyo baya. Haka nan da an fito fili an gaya wa ɗalibai cewa duba Wikipedia domin sanin ko wace ce wata ƙungiya, da bin manazartar da ke ƙasan shafin, aiki ne halastacce, ko da ba za a kafa hujja da ita a kundi ba.

Duk da haka, a cikin wannan sashe akwai abin da aka yi shi da kyau, wato gargaɗi a kan mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewar masana ba. Ma'aikaciyar ta ambaci jerin sunayen da Jeffrey Beall ya riƙa wallafawa har aka sauke shi a watan Janairun 2017, ta kuma ce dogaro da jerin baƙaƙen sunaye bai isa ba, gara ɗalibi ya iya duba ko mujalla tana cikin DOAJ, ko editocinta mutane ne da za a iya samu a jami'o'in da aka danganta su da su, ko kuma tana alkawarin buga maƙala cikin 'yan kwanaki. Ta kuma nuna cewa ko babbar mujalla takan janye abin da ta buga, da misalin maƙalar 1998 da ta danganta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga (autism), wadda mujallar The Lancet ta janye a 2010. Ɗalibai sun yi shiru a wannan gaɓa, domin yawancinsu sun ɗauka duk abin da ya fito a mujalla ya zama gaskiyar da ba ta canzawa.

Sashen rubuta madogara da manazarta ya zo da amfani na zahiri. An koya musu Zotero, manhajar kyauta da aka fara fitarwa a 2006 daga Jami'ar George Mason, wadda ke adana bayanan maƙala da dannawa ɗaya, ta saka madogara a cikin rubutu, ta kuma jera manazarta bisa salon da aka zaɓa, har da bugu na bakwai na salon APA da ya fito a 2019. Manhajar takan ma yi wa maƙalar da aka janye jan tambari, ta hanyar bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar maƙalolin da aka janye. Ma'aikaciyar ta yi gaskiya da ta ce manhajar tana kwafo kuskure yadda ta same shi, saboda haka dole ɗalibi ya duba sunan marubuci da shekara da shafi da idonsa. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda aka gabatar da satar rubutu ta fuskar tsoro kawai. Tambayoyin ɗalibai duk sun koma kan kaso nawa cikin ɗari Turnitin, manhajar da ake duba kwafe da ita, zai yarda da shi, alhali manhajar kamanceceniyar kalmomi take aunawa, ba ta yanke hukuncin sata. Wanda ya kwashe tunanin wani ya sauya masa kalmomi zai iya tsallakewa, wanda ya yi ambato na gaskiya da alamun zance kuma kasonsa ya hau. Na so a ce an zaunar da su sun karanta sakin layi ɗaya, sun rufe shi, sun faɗi ma'anarsa da bakinsu, sannan sun rubuta tare da ambaton mai shi, domin a nan ne ɗalibi ke gane cewa madogara hanya ce ta nuna wa mai karatu wanda kake zance da shi.

Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wanda ya fito a watan Nuwamban 2022, an yi magana a taƙaice amma an faɗi abin da ya fi muhimmanci: suna iya ƙago sunan maƙala da marubuci da mujalla waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba, cikin tsari mai kyan gani. Shawarar da aka bayar ita ce kada wata madogara ta shiga kundi sai ɗalibi ya buɗe ta da kansa, ya gwada lambarta ta DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala a intanet, ya karanta aƙalla sashen da yake kafa hujja da shi.

Ganawar ɗalibi shi kaɗai da ma'aikacin laburare ita ce mafi daraja a cikin shirin, ita ce kuma mafi ƙarancin masu zuwa. Ɗalibi yakan nemi lokaci, ya zo da takensa da abin da ya riga ya samu, su zauna kamar rabin awa. Wata ɗalibata da ta maƙale a babin bitar ayyukan da suka gabata, tana cewa ba wanda ya taɓa rubutu a kan batunta, ta dawo daga ganawar da maƙaloli masu kyau, domin an gano cewa masanan fannin da wani suna daban suke kiran abin da take nema. Amma abin da ya fi wannan shi ne yadda ma'aikatan suka fahimci halin da mai bincike ke shiga. Carol Kuhlthau ta Jami'ar Rutgers ta bayyana a 1991 cewa neman bayani yana bin matakai shida, kuma a mataki na uku, lokacin da ɗalibi ya fara karatu mai faɗi ya ci karo da ra'ayoyi masu karo da juna, ruɗani da shakka kan ƙaru maimakon su ragu, sai ya tsayar da mahangarsa sannan hankalinsa ke kwanciya. A wannan gaɓar ce ɗalibai da yawa ke sauya take ko su koma ga kwafe. Ɗalibin da aka gaya masa cewa ruɗanin da yake ciki alama ce ta ya shiga aikin sosai, ba alamar gazawarsa ba, yakan daure ya ci gaba. Matambayi ba ya ɓata, amma ɗalibi yakan ji nauyin bayyana wa malamin da zai ba shi maki cewa bai gane ba, yayin da a gaban ma'aikacin laburare ba shi da wannan fargaba. Cikas ɗin shi ne ma'aikatan kaɗan ne, kuma a makonnin miƙa kundaye samun lokaci yakan yi wuya.

Akwai giɓi guda da ya kamata a cike. Horon ya karkata kusan gaba ɗaya ga abin da ke intanet da Ingilishi. Ɗalibin harshe ko tarihi ko nazarin al'umma, wanda madogararsa ke cikin kundayen digiri da ba a buga ba, da tsofaffin jaridu, da rubuce-rubucen hannu, da hira da masana abin a baki, bai samu jagora a kan yadda zai nemo su, ya auna su, ya kuma ambace su ba. Tsarin ACRL kansa ya ce matsayin majiya ya danganta da fage da buƙata, don haka wanda ya shaida abu da idonsa yana iya fin maƙala nauyi a kan wata tambaya.

Sauran rauni kuwa ba na laburare ba ne shi kaɗai. Zama ɗaya na awa biyu ba zai ɗauki taƙaita take da dabarun nema da tantancewa da madogara ba tare da an danne wani sashe ba, kuma mu malamai ne muke ba da wannan ɗan lokaci, sau da yawa ba tare da mun aika wa ma'aikatan bayanin jingar da muka bayar ba. Ga malamin da ke tunanin neman wannan hidima, shawarata ita ce ya tsayar da ranar bayan an amince da taken kowane ɗalibi, ya tura takardar aikin tun da wuri, ya kuma zauna a ajin da kansa, domin ɗalibai suna auna muhimmancin zama da halartar malaminsu. A zango mai zuwa na nemi a raba wa ɗalibaina horon gida biyu, na farko a kan take da nema, na biyu a kan tantancewa da madogara bayan sun kawo daftarin babi na biyu. Zan kuma buƙaci kowa ya haɗo da takardar da ke nuna rumbunan da ya shiga, da kalmomin da ya gwada, da dalilin da ya sa ya ɗauki wata maƙala ya bar wata, kuma wannan takarda za ta samu nata kason a cikin makin babin.